Takarda ta Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata na goge takalmi da tsumma,
na hau babur daga Makerar Gandu
da takarda ta goma sha ɗaya a hammata.
Goman farko suna barci a ofisoshin Birnin Kebbi,
ɗaya na gani da idona
an ɗora mata kofin shayi.

Abin da nake nema bai kai a yi gumi ba:
zaure guda mai fitila, na kwana tara,
kuɗin motar Hamani daga Doso,
mai zana raƙuma da gawayin kara,
da na Biyo mai sassaƙa daga Kandi,
da wata baiwar Allah a Dakar
da ta ce za ta zo in akwai tikiti da wurin kwana.
Sai Baba Arzika na Gulma,
shekara hamsin yana ƙona zane a bayan ƙwarya,
bai taɓa ganin aikinsa a jikin bango ba.

A banki an ba ni kujera da ruwan sanyi,
aka ce kasafin bana ya rufe tun kafin azumi.
Kamfanin waya suka ce, mutum nawa za su taru?
Na ce Allah masani.
Suka ce su ƙwallo suka sani,
ƙwallo akwai ihu,
zane kuwa shiru ake tsayawa a gabansa,
wa zai ji sunansu a cikin shiru?

Saura masu casar shinkafa.
Manaja Nomau ya juya hotunan ɗaya bayan ɗaya
kamar mai duba haƙoran rago a jajibirin Sallah.
Ya tsaya a kan nawa.
"Gulbin nan naka ya cika ja.
Mu kore ne launinmu.
Mai da shi kore, ka sa buhunmu a jirgin masuncin,
kowace ƙwarya kuma a buga mata tambari.
Miliyan uku."

Ban gaya masa ba
cewa haka ruwan yake shekarar da ya haura fadama,
ya kwashe gonar mahaifina ana saura mako a yanka,
ja, da laka, da kara, da gawar akuya.
Na ce zan yi shawara.
Na ma yi godiya, har da rusunawa.

Miliyan uku.
Na kashe ta sau huɗu a kan babur kafin in isa gida.

Washegari na sami Baba Arzika gindin ɗorawa,
ƙarfe cikin wuta, ƙwarya tsakanin gwiwoyi.
Na zaci zai tsine wa kamfani.
Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi.
"Mi ad damuwa, ɗiyana?
Tun ina yaro nika saida ƙwarya,
mai nono ta zuba nono, mai dussa ya zuba dussa.
Su buga tambarinsu ga gindi,
wurin da ka zama ƙasa."
Ya hura garwashi, ya daɗe bai ɗago ba.
"Amma gulbi ba naka ba ne balle ka saida.
Bar shi yadda kag gane shi."

Daren jiya na rubuta ta goma sha biyu.
Na ba su ƙofar zaure, su rataya kyallensu,
na ba su bayan takardar gayyata,
na ba su gindin ƙwarya talatin da ɗaya.
A layin ƙarshe na ce gulbi zai zauna ja.
Na goge layin. Na sake rubuta shi.

Mai gadi ya karɓa, ya ce manaja ya tafi Legas.
Hamani ya bugo sau biyu, ban ɗauka ba.
Wayar na kan taga inda ta fi samun layi,
fentin kore na nan a ledar da na sayo shi,
ban buɗe ba,
ban kuma mayar wa mai shago ba.